Shin Ko Kun San? Ƙafar Direba Ma Tana Shan Mai

Shin ko kun san cewa da zarar mota ta hau babban titi, iska ce babbar abokiyar kokawarta? Duk wanda ya taɓa miƙa tafin hannu ta taga mota na gudu ya ji yadda take turewa. Daga gudun kilomita 60 a awa zuwa 120, gudu ya ninka sau biyu ne kawai, amma turjiyar iska ta ninka sau huɗu. Tankin mai ne ke biyan kuɗin wannan kokawa.

Amurka ta taɓa mayar da wannan lissafi doka. Bayan ƙasashen Larabawa sun hana ta mai a 1973, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a Janairun 1974 kan dokar da ta taƙaita gudu zuwa mil 55 a awa, kusan kilomita 89. Ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1995.

Shin ko kun san sakin mota a firi kan gangara ba tsimi ba ne? Direbobi da yawa sun gaji dabarar daga iyayen gidansu na zamanin kabureta. A motar injakta kuwa, idan ka bar ta cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur, kwamfutarta kan yanke mai ɗungurungum, tayoyi su ci gaba da juya inji. A firi dole inji ya riƙa kurɓar mai don kada ya mutu. Masu kashe inji a gangara irin ta Hawan Kibo kuwa, wannan ganganci ne da rai: birki zai taurare, sitiyari ya yi nauyi.

Fizgar mota da taka birki da ƙarfi cikin cunkoso na iya rage nisan da lita ke kai ka da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari, in ji Ma'aikatar Makamashin Amurka. Ga shi kuma a danja ta gaba za ka tarar da wanda ya fizga ya wuce ka, yana tsaye yana jira.

Barin inji yana aiki a tsaye fiye da daƙiƙa 10 ya fi kashewa da sake tayarwa cin mai. Maigida da ke jiran uwargida a bakin kasuwa, a kashe.

Taya mai ƙarancin iska ma na ƙara shan mai. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. A nuna wa mai faci wannan lamba, ya auna da geji, ba da harbin ƙafa ba.