Yaro Ya Ji Karatunsa Da Kunnensa

Ko wane malamin da ya taɓa riƙe aji biyu ko aji uku ya san wannan wahala. Ga yara sun cika ɗaki, malami kuwa guda, kafin ya saurari karatun biyar daga cikinsu an buga ƙararrawa. To, akwai wata dabara da za a iya yi a laburaren makarantar elemantare, ba kuwa sai an sayi wani abu mai tsada ba.

Kusan ko wace wayar hannu ta zamani tana da manhajar ɗaukar murya, watau rikoda, ba ta kuma bukatar intanet. Magana ta minti guda a tsarin MP3 kamar megabayit ɗaya take ci, saboda haka karatun aji duka ba zai cika waya ba. Inda akwai kwamfuta, ana iya aiki da Audacity, wadda ake samu kyauta tun shekarar 2000.

Ga yadda ake yi. Mai kula da laburare ya keɓe lungu inda ba hayaniya, nesa da taga. Yaro ya zauna da littafin da ya dace da ajinsa, a ajiye waya kamar taƙi guda daga bakinsa, ya faɗi sunansa da kwanan wata, sa'an nan ya karanta na minti ɗaya ko biyu. Da ya gama sai a kunna masa, yana ji yana bin layi da yatsa.

A nan amfanin yake, musamman ga Hausa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne. Haka kukan yaro da kukar miya, in an rubuta "kuka" kawai. Yaron da ke harhaɗa baƙaƙe ba tare da fahimta ba lalle zai faɗi ɗaya a wurin ɗaya, shi kuwa ba zai lura ba, don hankalinsa na kan baƙaƙen. Amma in ya ji muryarsa daga baya, sau da yawa shi da kansa zai yi dariya ya gyara. Ga 'ya'yan Yarbawa da na Ibo masu koyon Hausa kuwa, ta haka malami zai gane wanda har yanzu bai raba ƙ da k ba, ko ɗ da d.

Ni a ganina kada a share na farkon zango. A ajiye shi, a sāke ɗaukar yaron da wannan shafi a ƙarshen zango, a kunna masa duka biyu. Mai jinkirin karatu ya fi kowa bukatar wannan, gama kullum gazawarsa ake gaya masa, bai taɓa jin ci gabansa ba.

Sai dai a yi hattara. Kada malami ya kunna karatun wani a gaban aji don a yi masa dariya, in ya yi haka yaron ba zai ƙara buɗe baki ba. Muryar yaro kuwa amana ce. A nemi yardar hedimasta da ta iyaye tukuna, kada kuma a tura ta WhatsApp. Ɗalibanmu masu fita koyon aikin koyarwa su gwada da yara uku kawai a makon farko.