Tsohuwar A-kori-kura ta Ford Ranger: Matsalolinta da Kuɗin Gyaranta a Amurka

 Cikin tambayoyin da aka fi yi mini a harkar mota akwai batun ƙaramar a-kori-kura, musamman daga masu aikin yankan ciyawa, da masu fenti, da masu kwasar kaya zuwa wajen lodin kwantena. Da yake sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, sai ido ya koma kan tsohuwar Ford Ranger saboda arharta. Shawarar da nake bayarwa kullum ita ce, kuɗin da ka biya mai mota rabin magana ne, sauran rabin yana wajen bakanike. Saboda haka zan jero matsalolin da aka san motar da su, da kimanin abin da gyaran kowace ke ci.

Da farko, wadda nake nufi ita ce ƙirar Amurka, wadda aka fara sayarwa a matsayin samfurin 1983, aka rufe masana'antarta ta St. Paul a jihar Minnesota a watan Disamba na 2011. Wadda ta dawo kasuwa a 2019 wata mota ce daban, ta fi girma. Haka kuma Mazda B-Series da aka sayar a nan daga 1994 zuwa 2009 ita ce dai Ranger aka sauya mata suna, don haka duk abin da zan faɗa ya shafe ta.

Game da farashi kuwa, gareji da yawa a Amurka suna cajin dala 100 zuwa 200 a kan kowace awa ta aiki, ban da kuɗin kaya. Shi ya sa ƙaramin ƙarfe na dala 50 zai iya jawo maka asarar dubu, idan sai an sauke giya kafin a kai gare shi. Alƙaluman da zan kawo kimantawa ce, kuma farashin Bronx ba ɗaya yake da na Greensboro ba.

1. Tsatsar shasi

Wannan nake fara dubawa kafin a tada inji. A jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, irin su New York da Ohio da Michigan da Minnesota, tsatsa tana cin ƙarƙashin motar, musamman wajen maƙalan sifirin na baya da inda ake ɗaure tayar safiya. Jiki na iya yin ƙyalli alhali ƙasa ya ruɓe. Ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma, ka ƙwanƙwasa. Idan ƙarfen yana zuba kamar ɓawon itace, ko guduma ta huda shi, ka yi sallama da mai motar. Canza maƙalan sifirin kaɗai kan ci dala 300 zuwa 700, amma idan shasin kansa ya ruɓe, gyaransa yakan fi kuɗin motar.

2. Inji kala uku, kowa da halinsa

Mai silinda huɗu, wato 2.3 ko 2.5, shi ne mafi sauƙin shan mai da sauƙin gyara, sai dai ba shi da ƙarfin jan tirela mai nauyi. Na kafin 2001 bel ɗin taimin gare shi, kuma kada ka yi mamaki in bakanike ya ce filogi takwas zai saya, domin kowace silinda biyu take ɗauka. Daga 2001 aka kawo sabon 2.3 mai sarƙa.

Mai silinda shida na 3.0, wanda aka sanya har 2008, inji ne mai juriya, amma yana da wani ɗan ƙarfe a bayansa da kanikawa ke kira sinkoronaiza. Shi ne yake sanar da kwamfutar mota inda kamshaf yake, kuma ta jikinsa ake juya famfon baƙin mai. Idan ya fara lalacewa za ka ji wani tsuwwa kamar kukan tsuntsu, mutane da yawa su ɗauka fambel ne. Canza shi a kan lokaci bai cika wuce dala 200 zuwa 400 ba. In aka ƙyale shi ya karye, baƙin mai ya daina zagayawa, inji ya buga, sai maganar neman wani injin, wanda da kuɗin ɗorawa zai iya kai dala 3,000.

Na ukun shi ne 4.0 da aka sanya daga 2001 zuwa 2011, ƙirar birnin Kolon na Jamus. Shi ya fi ƙarfi, shi kuma ya fi tsadar gyara. Sarƙoƙin taiminsa suna gudu ne a kan wasu robobi, kuma idan robar ta fashe za ka ji ƙarar kacau-kacau yayin tada mota da safe. Abin takaicin shi ne ɗaya sarƙar a bayan inji take, sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a taɓa ta. Wannan aiki yakan ci dala 2,000 zuwa 3,500. Saboda haka ka ce wa mai sayarwa kada ya tada motar kafin ka iso, domin inji mai zafi yana ɓoye wannan ƙara. Har ila yau gidan tamostat na wannan inji na roba ne, yakan tsage ruwa ya riƙa yoyo. Gyaran dala 250 zuwa 500 ne, amma in inji ya ɗau zafi ya ƙona gaskit, lissafi ya canza.

3. Giya da kuloci

A mai giyar hannu, famfon kuloci na ƙasa yana cikin gidan giya ne. Idan ya fara yoyo, dole a sauke giyar, don haka mai hankali yakan canza kulocin duka a lokaci guda, kimanin dala 900 zuwa 1,500. A otomatik kuwa, ka zaro sandar gwajin man giya ka duba. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko motar tana jinkirin shiga ribas, ko tana zabura tsakanin giya ta biyu da ta uku, to akwai magana. Sake haɗa giyar otomatik yakan kai dala 2,500 zuwa 4,000.

4. Ƙananan abubuwa

Bol-joyin na gaba sukan ci, alamarsu ƙara a kan gargada da cin taya gefe guda, gyara kuma dala 400 zuwa 800. Idan fitilar inji ta kama, shagunan kayan mota da yawa suna karanta lambar kyauta. In ta nuna P0401, sau da yawa wata 'yar sensa ce ta hanyar hayaƙi, wadda ba ta kai dala 100 ba.

5. Jakar iska

Wannan kam batun rai ne. Jakunkunan iska na kamfanin Takata da aka sanya wa Ranger ta 2004 zuwa 2011 suna iya fashewa su watso ƙarafa a fuskar mutum, kuma an yi asarar rayuka a cikin samfurin 2006. A watan Agusta na 2024 kamfanin Ford ya gargaɗi duk wanda ba a canza wa tasa ba da ya daina tuƙa motar. Canjin kyauta ne a wajen dila, ko da kai ne na biyar da ya mallaki motar. Ka ɗauki lambar VIN mai alamomi 17 ka saka a shafin hukumar NHTSA, nan take za ka gani. Kada ka ɗauki iyali a ciki kafin ka yi haka.

Ga masu niyyar aika ta gida, ku sani Ranger da aka sayar a Afirka a waɗancan shekaru wata ƙira ce daban, yawanci mai shan dizal, kuma kayanta ba sa shiga ta Amurka. Za ka iya aika wa ɗan'uwa mota ta zame masa kaya.

A taƙaice dai, kafin ka biya, ka kai ta wajen bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya ɗaga ta sama ya duba. Dala 100 zuwa 200 ne. Sannan ka ware aƙalla dala 1,500 a gefe saboda gyaran shekarar farko. In kuɗinka ba zai kai ga motar da wannan ajiya ba, gara ka ƙara haƙuri. Ni a ganina, mai silinda huɗu da giyar hannu, wadda ta yi zamanta a jiha mai zafi kamar Texas ko Arizona, ita ta fi dacewa da mai neman na kansa. Allah ya kiyaye hanya.