Kalmar "chute": daga faɗuwar ruwa zuwa lungun allurar shanu

A takardun horo da ake kawo mana daga ƙasashen da ke jin Ingilishi, akwai wata kalma da ke rikita masu fassara. Ana rubuta ta "chute", ana furta ta "shut". Ina so in faɗa muku asalinta, domin akwai abin amfani a ciki.

Wanda ya yi makarantar boko a Nijar ya san kalmar, don ta Faransanci ce, kuma ma'anarta faɗuwa. Tushenta wata kalmar Latin ce, "cadere", wato a faɗi. Daga nan ne aka samo sunan laimar da sojoji ke dira da ita daga jirgin sama: "parachute", mai tare faɗuwa.

Ingilishi ya are ta ne a Amurka ta Arewa, inda masu tuƙin kwale-kwale da ke jin Faransanci suke kiran wurin da kogi ke gangarowa da ƙarfi da wannan suna. Daga baya aka sa wa duk wata hanya mai gangara da ake turo gungume, gawayi ko hatsi ta cikinta. A ƙarni na 19 masu kiwo na Amurka suka ɗora sunan a kan ƙuntataccen lungun da shanu ke bi ɗaya bayan ɗaya. A Ingila da Najeriya kuwa an fi cewa "crush", shi za ku ji in kun tsallaka Kabi ko Sakkwato. Ma'aikatanmu na kiwo "couloir" suke cewa. Abu ɗaya ne: lungun da ake shigar da shanu a wurin allurar rigakafi.

To, me ya shafe mu? Kowace shekara ana zagayen allurar ciwon huhu na shanu da ta annobar awaki da tumaki, tun daga Dankasari da Matankari har Gesheme da Kore Mai Ruwa. Na sha ganin makiyayi ya ɓoye saniya mai ciki, ba don tsoron allura ba, sai don tsoron ta faɗi a lungu ta yi ɓari. Wadda aka ɓoye kuwa ita ce ƙofar da ciwo ke shigowa garke. Kun ga idan ginin bai yi kyau ba, tsohuwar ma'anar kalmar ce ke dawowa.

Ga abin da nake dubawa kafin a fara aiki. Faɗin lungu ya kasance wajen santimita 70 zuwa 75 ga manyan shanu: idan ya wuce haka sai su juya ko su cushe biyu biyu. Amma a bar wa ƙaho sarari daga sama, don bororon saniya ba ɗaya take da azawak ko gudale ba. Ƙasan kada ya yi santsi. Sumunti mai sulɓi da kashin shanu ya jiƙa tarko ne. A cire duk ƙarfe ko waya da ta fito.

Temple Grandin, wata masaniyar halayyar dabbobi a Amurka, ta nuna cewa shanu na turjewa idan suka ga inuwa a ƙasa ko tsumma yana lilo, kuma sun fi son tafiya daga duhu zuwa haske. Ta kuma ba da shawarar kada gangaren da ake loda shanu a mota ya wuce digiri 20. Wannan ya shafi kasuwanninmu, inda ake tura bijimi kan tudun ƙasa da sanda da ihu. Ƙafa ɗaya ta karye, kuɗinsa ya zube.

Shawarata ga kowace ƙungiya ita ce, tun kafin a sanar da ranar allura, ku tura mutum biyu ko uku su bi lungun da ƙafarsu daga mashiga zuwa mafita. Abin da hannu zai gyara ku gyara, wanda ya fi ƙarfinku ku kai wa ma'aikatan kiwo na gundumarku. Ranar aiki a shigar da shanu kaɗan kaɗan, masu ciki da maruƙa a ware su daban. Allah ya ƙara albarka a garke.