Guzurin Mai Ciwon Sukari In Zai Yi Doguwar Tafiya A Keke

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tsada, magidanta da samari da yawa a ƙasar Daura suka kakkaɓe kekunansu. Wani zai ci kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, wani zai nufi Katsina ta Mashi, tafiyar kilomita wajen 80, wani ma har Kano ta Kazaure da Dambatta. To, a cikinsu akwai masu ciwon sukari, kuma uwargida ce mai haɗa musu guzuri.

Tafiya mai nisa a keke ba baƙon abu ba ne. Aliyu Abdullahi Bala ya tashi daga Jos a 2021, ya isa Makka a ƙarshen 2022. Ciwon sukari kuwa ba ya hana ta. A Amurka wata ƙungiyar mahaya keke mai suna Team Type 1, wadda masu wannan ciwo suka kafa a 2005, ta ci tseren ƙetare ƙasar daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku a 2007. Sai dai fa ba da ka suka yi ba, da shiri suka yi.

Ga inda yawancinmu muke kuskure. Mun saba da jin cewa mai wannan ciwo ba ya shan zaƙi, saboda haka sai mu ɓoye masa sukari ko da tafiya zai yi. Alhali a kan hanya babban haɗarinsa shi ne sukarin jininsa ya faɗi. Dalili kuwa, mai tuƙa keke jikinsa yana ƙone sukari da sauri, ga kuma magani yana nasa aikin. Wannan ya fi samun masu allurar insulin da masu shan ƙwayar Daonil. Mai shan metformin kaɗai bai cika gamuwa da shi ba.

Alamunsa su ne karkarwa, da zufa mai sanyi, da yunwa farat ɗaya, da faɗuwar gaba, da jiri, da magana ba kan gado. In na'urar awon sukari ta nuna ƙasa da 70, ko ya ji waɗannan alamu, sai ya sauka ya nemi inuwa, ya sha ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko cokali ɗaya na zuma. Bayan minti 15 ya sāke awo. In bai hau ba ya ƙara, in ya hau ya ci abinci mai riƙe ciki kafin ya ci gaba. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, gama yana iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa.

Saboda haka uwargida, ki sa masa sukarin a aljihun riga, ba cikin ƙunshin da ke ɗaure a kariya ba. Ki haɗa masa dabino, da ƙuli-ƙuli, da gyaɗa, da fura marar sukari, da ruwa mai yawa. Ki rubuta sunansa, da ciwonsa, da maganinsa, da lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun. Kada ya fita shi kaɗai, kuma a gaya wa abokin tafiyar alamun nan tun a zaure. Ba abin kunya ba ne.

Zafi yana kashe ƙarfin insulin, a nan kuwa a watan Afrilu zafin yakan kai 40 a ma'auni. A naɗe kwalbar da tsumma mai laima, a sa ta inda iska ke ratsawa, nesa da rana. A tashi da asuba bayan ya karya, a huta daga hantsi ya yi zafi har la'asar. Ya sa safa da takalmi sau-ciki, kuma duk inda ya yada zango ya duba tafin ƙafarsa, domin mai wannan ciwo yakan ji rauni bai sani ba, raunin kuma ya daɗe bai warke ba. Sukarin yana iya faɗuwa cikin dare bayan wunin wahala, don haka kada ya kwanta da yunwa.

Kafin duk wannan, ya je asibiti ya gaya wa likita nisan tafiyar. Likita ne zai ce a rage magani ko a bar shi yadda yake, ba maigida ba, ba kuma mai kemis ba. Sa'an nan ya gwada ƙafarsa a kusa tukuna, kamar Sandamu ko Zango, yana awo kafin ya tashi da bayan ya dawo, har ya san halin jikinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Maigida zai tuna da famfo da faci, amma da wuya ya tuna da ƙwayar sukari. Wannan aikinki ne. Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.