SHAWARA GA MAI CIKI: KADA KU JIRA

Ƴan uwa manoma, in damina ta kankama, matanmu suna kai abinci gona, suna noman gamanarsu. In ƙishirwa ta kama su, sai su sha ruwan tabki. Nan haɗarin yake.

Ruwan sama yana kwasar kashin da aka yi a daji, ya zuba cikin tabki da rijiya maras murfi. Cikin kashin akwai ƙwayar cutar da ido ba ya gani. Ita ke kawo ciwon hanta wanda likitoci ke kira Hepatit E. Bayan sati 2 zuwa 10, sai zazzaɓi, amai da kasala. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja kamar shayi. Shawara ke nan.

Namiji yakan warke cikin ƴan makonni. Mai ciki kuwa, musamman daga wata 7, cikin mata 4 ko 5 da suka kamu, ɗaya tana iya rasa ranta. A shekarar 2017 cutar ta ɓarke a jihar Diffa, kuma masu ciki ta fi kashewa.

In hanta ta kasa, ƙoda tana bin ta. Aikin ƙoda tace jini, ta fitar da dauɗa cikin fitsari. Amai da zubar jini suna rage ruwan jiki, sai ƙoda ta tsaya, kamar injin ban ruwa a rijiyar da ta ƙafe.

Ga abin da za ku yi:

1. Mai ciki ta tafi gona da ruwan famfo, ko wanda aka tafasa, cikin tsabtataccen bidon mai murfi.

2. Ku gina salanga nesa da rijiya. Ku wanke hannu da sabuni bayan bayan gida da kafin cin abinci.

3. In idonta ya yi ɗorawa, ku ɗaura amalanke, ku kai ta likita ran nan. Kada ku ba ta jiƙo ko ƙwayoyin ƴan talla: suna ƙara wa hanta da ƙoda wahala.

4. In fitsari ya ragu, ko fuska ta kumbura, ko jini ya zo, ko tana sambatu, ku tafi ko da tsakar dare.

Maigida, noman yini ɗaya ana rama shi. Rai biyu ba a rama su. Ku karanta wa waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba. Allah ya sauki matanmu lafiya.