Gaskiya da Ƙarya Game da Shimfiɗa Zaren Gilashi a Jiragen Sama na Haɗin Gida

Tun daga 1975, shekarar da jirgin VariEze na injiniya Burt Rutan ya fara tashi a Mojave ta jihar Kalifoniya, masu haɗa ƙananan jiragen sama a gidajensu a Amurka suka rungumi dabarar da ba ta buƙatar mazubi: ana yanka busasshen kumfa daidai da siffar fiffike, a lulluɓe shi da ƙyallen zaren gilashi falle bisa falle, a jiƙa kowane falle da gam ɗin ifoksi, wanda ke sandarewa ya zama fata mai ƙwari. Wani ɓangare na jita-jitar da ke yawo game da wannan aiki ya samo asali ne daga masu gyaran jiragen ruwa, waɗanda kayan aikinsu suka yi kama da waɗannan a ido amma suka sha bamban a hali.

Mafi yaɗuwa ita ce cewa yawan gam yana ƙara ƙarfi, kuma wannan ƙarya ce, domin zaren ne ke ɗaukar nauyi, aikin gam kuwa shi ne riƙe zaren a wurinsa da rarraba nauyin a tsakaninsa. A shimfiɗar hannu ana neman nauyin gam ya zo kusan daidai da na ƙyalle, don haka magini ke bin kowane falle da faifan roba yana tatse rarar, har sai saƙar ta fito fili ba tare da ƙyalƙyalin gam a kanta ba. Sai dai tatsewar tana da iyaka, domin farin tabo a cikin shimfiɗa alama ce ta busasshen zare ko iskar da ta maƙale, kuma irin wannan wuri ya fi rarar gam haɗari.

Haka kuma ba gaskiya ba ne cewa ƙara sinadarin sandarwa yana gaggauta bushewar ifoksi. A gam ɗin foliyesta na jiragen ruwa hakan yana aiki, amma a ifoksi kashi biyun suna haɗuwa ne bisa ƙayyadadden awo, kuma abin da ya wuce awon yakan rage a ciki bai haɗu da komai ba, ya bar fatar da rauni, shi ya sa maginan ke amfani da sikeli ko famfon awo. Abin da ke gaskiya shi ne foliyesta yana narkar da kumfan folistarin da ake yin fikafikai da shi, kamar yadda fetur ma ke yi, kuma kumfan foliyuretan ba a yanka shi da waya mai zafi saboda hayaƙinsa guba ne.

Batun zaɓen ƙyalle ya fi buƙatar natsuwa. Tsare-tsaren Rutan sun dogara ga iri biyu: BID, wanda zarensa na tsaye da na kwance suka kusa daidaita, da UNI, wanda kusan duk zarensa ya miƙe ta fuska ɗaya. Masu cewa ana iya musanya ɗaya da ɗaya muddin kaurin ya zo daidai sun yi kuskure babba, domin zare ba ya da ƙarfi sai ta tsawonsa. Ana shimfiɗa UNI inda aka san hanyar da nauyi zai bi, kamar tsawon ƙashin fiffike, BID kuwa yawanci ana yanka shi a karkace, a digiri 45, don ya jure murɗawa, ya kuma kwanta lafiya a kan lanƙwasa ba tare da ya tattare ba. Tabarmar guntayen zare, wadda ta zama ruwan dare a jiragen ruwa, ba ta da gurbi a sassan da ke ɗaukar nauyi, domin gajerun zarenta a warwatse suke, kuma tana shan gam da yawa.

Zaren kabon, wanda ake yi wa kallon gyara a kowane hali, ya fi gilashi tauri da rashin nauyi, amma sanya shi a gurbin gilashi ba tare da sabon lissafi ba ganganci ne, saboda fallen da ya fi tauri shi ke kwashe nauyin tun kafin sauran su kama. Ga shi kuma yana sa alminiyon da ya taɓa shi ya zaizaye, yana kuma tare siginar eriyar rediyo da masu irin waɗannan jirage ke binnewa a cikin fatar gilashi.

Maganar cewa dole ne a yi wa jirgin farin fenti kuwa, wadda wasu ke ɗauka al'ada ce kawai, gaskiya ce tsantsa. Ifoksin da ya sandare a zafin ɗaki yakan fara laushi tun kafin a kai zafin tafasasshen ruwa, kuma fiffike mai duhun launi da aka ajiye a rana yana iya kaiwa wannan mataki, alhali farin yana mayar da akasarin hasken.