Ko Ka Sani? Jirgin Saman da Ba Ya Son Ruwa Ya Kwanta

Akwai jirgin saman da ba ya buƙatar kwalta. A kan ruwa yake sauka, daga kan ruwa yake tashi. Wani an ɗaura masa dogayen kwale-kwale biyu a gurbin tayoyi, wani kuma cikinsa ne aka ƙera irin na jirgin ruwa. Wani Bafaranshe mai suna Henri Fabre ne ya fara tashi da irinsa a 1910.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Duk mutumin Dogon Daji ko Tambuwal da ya taɓa ƙetare gulbin Zamfara a kwale-kwale ta yankin Kebbe, addu'arsa ruwa ya kwanta lif. To, matuƙin wannan jirgi irin ruwan nan ya fi shakka! Kwantaccen ruwa riƙe jirgin yake yi. Ɗora faranti a kan ruwan daro, ka ɗaga shi a miƙe, za ka ji ruwan yana janyo shi. Shi ya sa maƙera suke yi wa ƙasan jirgin matakala wajen tsakiya, ta yadda in ya ɗauki gudu iska za ta shiga ta raba bayansa da ruwan. 'Yar igiyar ruwa ma taimako take yi. In babu ita, sai matuƙi ya zagaya a kan ruwan ya dama shi da kansa, sannan ya dawo ya bi ta kan igiyar da ya tayar. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai.

Sauka ta fi wuya. Ruwan da ba ya motsi hoton gajimare yake nunawa, ido ba ya iya gane tazarar da ta rage. Dole matuƙi ya dogara da na'urorinsa, ya ɗan ɗaga hancin jirgin, ya riƙa saukowa a hankali har sai ya ji ya taɓa ruwa.

A yau kasuwar irin waɗannan jirage ta fi ci a Maldibis, ƙasar Musulmi mai tsibirai sama da 1,000 a tekun Indiya. Kamfanin Trans Maldivian Airways na kwasar 'yan yawon buɗe ido a jiragen Twin Otter, suna kallon tsibirai daga sama. Da rana kawai jiragen suke tashi, kuma matuƙan sun yi suna wajen tuƙi ba takalmi.

Yankinmu ma ya ga zamaninsu. Tsakanin 1927 da 1928, Baturen Ingila Alan Cobham da matarsa sun zagaye Afirka a irin wannan jirgi, suka biyo ta Legas a hanyar komawa gida, daga baya ya rubuta littafi a kan tafiyar. A Janairun 1943 kuwa, wani babban jirgi irin wannan, Boeing 314, ne ya sauke shugaban Amurka Roosevelt a bakin kogin Gambiya, a garin da ake kira Banjul yanzu. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo ƙarshen manyansu, domin ya bar dogayen filayen jirgi ko'ina, kamfanoni kuma suka koma kan tudu.